Gidan Kan Dutse a Riruwai

Babana shi ne sarkin maginan Tudun Wada, kamar yadda ubansa ya riƙe sarautar kafin shi. Duk wani soro mai daraja a ƙasarmu, tun daga zauren hakimi har masallacin Juma'a, hannun gidanmu ya taɓa shi. Mu biyu ne maza a wurinsa, ni da yayana. Yayana aka sa wa ran gadon sana'ar, don ya fi ni ido, ya kuma fi ni haƙuri da ƙasa. Lokacin yaƙi, da aka zo ɗibar mutane aikin haƙar kuza, aka tafi da shi. Rami ya rufta da shi. Ko gawarsa ba mu gani ba, sai rigarsa da wani abokin tafiyarsa ya kawo a ƙunshe.

Ranar sadakar bakwai, bayan mutane sun watse, Baba ya kira ni gaban innata. Ya ce, “Wallahi duk ɗan da na haifa, in ya taka wurin masu kuza da sunan aiki, ban yafe masa ba.” Sau ɗaya ya faɗa, bai sake tayar da zancen ba. Baba ba ya maimaita magana.

Shekaru suka wuce, na yi aure, na sami 'ya. Wata shekara damina ta yi gardama, rumbu bai cika ba, gini kuma ya yi ƙaranci don kowa ta cikinsa yake yi. Na ce wa Baba zan tafi cin rani Zariya. Ya sa mini albarka. A hanya na ji wasu direbobi suna cewa ana neman magina a Riruwai, Baturen kuza yana gina gida a kan dutse. Na ce wa kaina gini ai ba rami ba ne. Na sauya mota. Wata biyar na yi a can, na koyi kwaɓa siminti, na koyi ɗaure rodi da waya, na dawo gida da tsarabar da na saya a kasuwa na ce ta Zariya ce. Matata kaɗai ta san gaskiya.

Bazarar shekarar da ta biyo baya, sai hakimi ya aiko a kira Baba. Labarin gidan ya bazu a ƙasa. Ana cewa rufinsa a shimfiɗe yake kamar na soro, amma ba ya yoyo, ba ya neman yaɓe duk shekara. Hakimi yana son sabon soron baƙi, ya ce sarkin magina ya je ya gani da idonsa, in abin da za a iya ne a yi masa irinsa. An riga an nemi izinin Baturen, ya ce a zo.

Baba ya dawo gida ya daɗe a zaune a zaure. Sannan ya ce da ni, “Aiken hakimi ne, ba yadda zan yi. Kallo za mu je, ba aiki ba. Ka shirya, gwiwata ba ta son tafiya ni kaɗai.”

Na ce, “Baba, ga sharar gona ban gama ba.”

Ya ɗago ya dube ni. Na ce to.

Bayan asuba muka shiga motar kaya, ni da shi da jakadan hakimi, wani dattijo mai yawan magana da goro a kunci. Muka ratsa dajin nan mai tsawo, muka wuce Doguwa, hanya ta fara hawa. Jakada yana ta ba da labarin gidan da bai taɓa gani ba. Ni kuwa ina lissafin mutanen da za su iya gane ni. Leburori sun watse tun da aka gama aiki. Helma, shugaban ma'aikatan ginin, ya koma ƙasarsu. Saura Baturen, wanda nake fatan duk fuskokinmu ɗaya ne a idonsa, sai kuma wanda Allah ya ajiye ban sani ba.

Da hantsi ya yi zafi muka hango shi. Baba ya sa hannu a goshi. Fari ne fat, dogo kamar akwati, a kwance a gefen dutse, an ɗora shi a kan ginshiƙai sirara, ƙasansa fili ne har kana hango sararin sama ta ɗaya ɓangaren. Babu katanga, babu zankwaye a kusurwoyi, babu ko zane ɗaya a fuskarsa. Ni da na ɗauki kwanon kankare a kaina na hau da shi can, sai da na ƙura masa ido da na gan shi a gama, da labule a tagoginsa.

Baba ya ce, “Ina zauren?”

Jakada ya ce, “Ai sun ce ba shi da zaure.”

“To a ina baƙo zai tsaya ya yi sallama?”

Muka kama hawa da ƙafa.

A bakin hanyar gidan wani mutum ya taso daga inuwa da kulki a hannu. Tsohon soja ne da yake ɗebo mana ruwa lokacin aiki, mun ci tuwo a kwano ɗaya da shi ba sau ɗaya ba. Ashe shi aka bari gadi. Yana ganina ya washe baki, ya ɗaga hannu.

“A'a! Lale marhabin! Ashe kana...”

Na yi maza na durƙusa na ce da ƙarfi, “Sannu da aiki, malam. Mu baƙi ne daga Tudun Wada. Wannan mahaifina ne, sarkin magina.”

Ya tsaya da hannu a sama. Ya dubi Baba, ya dube ni. Sannan ya sauke hannun a hankali, ya rusuna wa Baba ya ce, “Sannunku da hanya, ranka ya daɗe. Na ɗauka wani ne.”

Baba ya amsa gaisuwar.

Baturen ya fito da akawunsa, wani saurayi mai farar riga da alƙalami a aljihu, shi ne mai fassara. Baturen dogo ne, wuyansa ja, da gajeren wando. Ya cire hularsa ya gaishe da Baba da 'yar Hausarsa mai karyewa. Akawu ya ce maigida ya yi murna, ya ji labarin sorayen Tudun Wada, kuma shi da wani abokinsa a ƙasarsu suka zana gidan nan a takarda kafin a haƙa ko rami ɗaya. Na ja hulata ƙasa, na laɓe a bayan jakada.

Daga ƙasan gidan aka fara. Inuwa ce mai sanyi, mota a ajiye a gefe, iska tana ratsawa. Baba ya je wurin wani ginshiƙi ya rungume shi, hannayensa suka haɗu har da saura. Ya ƙwanƙwasa da sandarsa, ya kara kunne. Ya ɗaga kai ya dubi nauyin da ke sama.

“Me ke cikinsa?”

Akawu ya ce, “Ƙarfe ne, Baba. Rodi.”

“Guda nawa?”

Akawu bai sani ba. Kafin ya tambayi Bature, Baba ya waiwayo gare ni. “Kai da ka yi Zariya, ba ka ga irin wannan a can ba?”

Huɗu ne. Ni na riƙe su ana ɗaurewa, har yanzu da tabon waya a babban yatsana. Na ce, “Daga nesa na gani, Baba.”

Ya ce, “Uhm.”

Matakalar hawa ita ta fara ba jakada tsoro. Kowane taki allon kankare ne da ya fito daga jikin bango, babu abin da ya tokare shi ta ƙasa, kana ganin ƙasa ta tsakaninsu. Jakada ya ce shi zai jira a inuwa. Bature ya yi dariya ya hau da gudu ya sauko. Baba bai yi dariya ba. Ya durƙusa da gwiwarsa mai ciwo ya leƙa inda allon ya shiga bango, ya shafa da yatsa. Na miƙa masa hannu ya ture. Ya hau shi kaɗai, taki ɗaya bayan ɗaya, yana tsayawa a kan kowanne kamar mai auna hatsi. Jakada ya ga kunya za ta kama shi, ya biyo mu yana salati ƙasa-ƙasa.

A sama muka shiga wani ɗaki da ban taɓa ganin Baba ya yi shiru a cikin gini kamar yadda ya yi a cikinsa ba. Dogo ne ƙwarai, babu ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya. Bango guda gilashi ne tun daga ƙasa har sama, duk kwarin Riruwai yana shimfiɗe a gabanka, da bukkokin 'yan kuza, da jar ƙasar da aka tono, da shanun Fulani can nesa a gindin dutse. Ta waje an jera wasu fikafikan kankare a tsaye a gaban gilashin. Bature ya ce aikinsu tare rana: haske ya shigo, zafi ya tsaya a waje. A ɗaya bangon kuma, can sama kusa da rufi, an yi siririyar taga daga wannan ƙarshe zuwa wancan.

Baba ya taka faɗin ɗakin da ƙafa yana ƙirgawa a ransa. Ya dawo ya sake takawa. Na san abin da yake aunawa. Azara, itacen giginyar da muke rufi da shi, ba ta da tsawon da za ta haye rabin wannan. Da mu ne, sai mun ɗaure baka biyu ko uku su tokare rufin kafin mu rufe.

Sannan ya tsaya a tsakiyar ɗakin, ya buɗe hannayen rigarsa. Iska ta shiga ta kumbura ta.

Ya ce da akawu, “Tambaye shi, kwana nawa ya zauna a kan dutsen nan kafin ya yanke inda taga za ta kalla?”

Akawu ya tambaya. Bature ya buɗe ido, ya amsa da sauri, yana nuni da hannu. Akawu ya ce, “Ya ce damina ɗaya da rani ɗaya ya yi a tanti a nan.”

Baba ya gyaɗa kai. “Na ga alama. Iska tana shiga ta ƙasa da sanyinta, ta fita ta sama da zafinta. Wannan ba aikin gaggawa ba ne. Ka ce masa ya san abin da yake yi.”

Ban taɓa jin ya faɗi haka a kan wani magini mai rai ba. Bature ya yi ja har kunne don daɗi, daga nan ya daina yi wa jakada bayani, Baba kaɗai yake bi.

Aka nuna mana madafa a cikin gida, da makewayi a jikin ɗakin kwana. Jakada ya toshe hanci tun kafin a buɗe ƙofa, ya ce subhanallahi, mutum ya kwana da ban-ɗakinsa. Baba kuwa ya ce a ba shi ruwa. Aka kawo a kofi, ya zuba a daɓen wurin wanka, ya tsaya yana kallo. Ruwan ya taru ya gangara ya nufi wata 'yar ƙofa a kusurwa, bai bar ko ɗigo a baya ba. Ya ce, “Mai daɓen nan ya iya.” Ba ni na yi wannan ba, helma ne da kansa, amma duk da haka na sunkuyar da kai.

Daga ɗakin kwana Bature ya ja wata ƙofar gilashi gefe, ta shige bayan 'yar'uwarta, muka fita baranda. Wannan ita ce abin alfaharinsa. Allo ne na kankare da ya fita daga jikin gidan ya tsaya a sarari, ƙasansa babu komai sai gangaren dutse mai zurfin da in mutum ya faɗa sai dai a tattara shi. Ƙarfe siriri kawai aka kewaye bakinta da shi.

Baba ya bar sandarsa a bakin ƙofa. Ya taka har ƙarshe. Ya leƙa ƙasa. Sai kawai muka ga ya ɗaga ƙafa ya buga da ƙarfi, ya sake bugawa, sannan ya tattara rigarsa ya yi tsalle da ƙafa biyu, tsoho mai ciwon gwiwa. Jakada ya kurma salati. Akawu ya yi baya ya kama ƙofa. Har Bature sai da ya miƙa hannu. Ni ina tsaye inda nake. Na san rodin da ke cikin allon nan, na san har inda suka shige cikin gidan, ina nan ranar da aka cire itatuwan tokari helma ya sa aka jera buhunan yashi a kai.

Baba ya dawo ya ɗauki sandarsa. Da zai wuce ni ya ɗan dube ni ta gefen ido.

Na ɗauka an gama. Ina ta addu'a a ce a sauka. Sai Bature ya ce akwai abu ɗaya da ya ajiye wa sarkin magina, don shi ya fi kowa cancantar ya gani. Ya nufi ƙarshen dogon ɗakin, inda wani labule ya raba wurin cin abinci da wurin zama. Tun da muka hau nake kauce wa kallon wajen. Ya ja labulen.

Bango ne guda ɗaya a duk gidan da ba siminti a fuskarsa. Yaɓen ƙasa ne da makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, ja mai duhu, an bi shi da tafin hannu tun yana ɗanye, sawun yatsu yana lanƙwasa layi bayan layi tun daga sama har ƙasa. A cikin farin gidan nan da gilashinsa, bangon yana nan kamar garwashi. Lokacin aiki Bature ya ce yana son bango ɗaya irin na mutanen ƙasa, helma ya tambaya wa ya iya, na ɗaga hannu. Kwana uku na yi a kansa. Shi ne aiki mafi kyau da na taɓa yi a lokacin, kuma ban taɓa zaton idon da nake tsoro zai gan shi ba.

Akawu ya ce, “Maigida ya ce wani saurayi ne cikin leburori ya yi. Baƙinsa daga Jos da Kaduna duk wannan suke tsayawa kallo. Ya so ya riƙe shi, amma ana gama aiki ya tafi, ko garinsu bai faɗa ba.”

Baba ya matsa. Ya sa hanci ya shinshina. Ya ɗora hannun dama a kan sawun yatsun, ya bi lanƙwasar, hannun bai zauna ba. Ya sauke shi. Ya mayar da sanda dama, ya ɗora hagu. Yatsunsa suka faɗa cikin sawun suka tafi sumul.

Ni bahago ne. Duka nawa na sha a hannunsa ina yaro don in koma dama, har ya gaji ya ƙyale ni.

Ya daɗe a haka da hannu a bango. Jakada ya ce, “Kai, wannan kamar aikin gidanku, sarkin magina.”

Baba ya ce, “Makubar ta yi kwana ɗaya fiye da kima a jiƙe. Ban da haka ba laifi.”

A nan ne na lura Bature ba bangon yake kallo ba. Ni yake kallo. Ya karkata kai, ya matso taki ɗaya, ya nuna ni da bakin lofen da yake shan taba da shi, ya ce da Hausarsa, “Kai... na sani kai?”

In na ce a'a, na yi ƙarya a gaban ubana karo na uku a rana ɗaya. In na ce i, jakadan hakimi yana tsaye, kafin jibi duk Tudun Wada ta ji, kuma babu wanda bai san rantsuwar Baba ba.

Baba bai waiwayo ba. Ya ce, “Ɗana ne.” Sannan ya juya ga akawu da murya mai kauri, “Rufin aka aiko ni in gani. A kai ni rufin.”

Bature ya dubi Baba, ya dube ni, ya dubi bangon. Ban san abin da ya fahimta ba. Ya mayar da lofen bakinsa, ya wuce gaba.

Ta wani tsani na ƙarfe ake hawa. Jakada ya ce wannan kam ya yafe. Rufin fili ne shimfiɗaɗɗe, an malala masa kwalta an watsa tsakuwa, da ɗan gajeren bango kewaye. Rana ta take, amma gabas ta fara haɗa baƙi. Baba ya zagaya gefe huɗu yana leƙa waje.

“Ina indararo? Ta ina ruwa yake sauka?”

Akawu ya nuna wani rami mai faɗin tafin hannu a kusurwa. Ya ce bututu ne, ya bi ta cikin ginshiƙi ya sauka ƙasa, an ɓoye shi don kada ya ɓata fuskar gida.

Baba ya ce, “Ka ce masa wannan kuskure ne. Ga ɗorawa can sama da gidan, ganyenta nan zai zo. Ranar da bututun ya toshe, ba wanda zai sani sai ruwa ya kwanta a nan ya nemi hanya ta cikin ɗaki. Indararo a waje ake sa shi, don in ya daina zuba ko mace tana tsakar gida ta gani.”

Akawu ya yi wa Bature wata gajeriyar magana yana murmushi. Bature ya gyaɗa kai da fara'a.

Baba ya ce, “Ba abin da na ce ka faɗa ba. Maganata ta fi haka tsawo. Faɗa masa yadda na faɗa.”

Akawu ya ce, “Baba, maigida ba ya son...”

“Ni ma ba so nake ba. Faɗa masa.”

Ya faɗa. Fara'ar Bature ta ɗauke. Ya tsaya yana kallon Baba har na fara tunanin ta inda za mu sauka in ya kore mu. Sai ya taka zuwa kusurwar, ya durƙusa, ya zura hannu cikin ramin har gwiwar hannu. Ya zaro dunƙulen busasshen ganye da tsakuwa. Ya dube shi a tafinsa. Ya yi wata gajeriyar dariya ba ta daɗi ba, ya ce wani abu, ya sauka da sauri akawu yana biye da shi. Daga baya na ji cewa kiran maigadi ya tafi, ya kawo sanda da guga.

Aka bar mu mu biyu a kan rufin.

Baba yana kallon kwari, wajen ramukan, inda mutane suke hawa da sauka da kwanuka a ka, ƙanana kamar tururuwa. Bai dube ni ba.

Ya ce, “Da na yi tsalle a barandar can, kowa ya firgita. Kai ko motsi ba ka yi ba.”

Na durƙusa a kan tsakuwar mai zafi. Na ce, “Baba, na tuba.”

“Ka shiga rami?”

“Wallahi ban shiga ba. Ko kusa da shi ban je ba. Gini kawai na yi.”

“Wa ya sani?”

“Matata. Sai maigadin nan.”

“Uwarka fa?”

“Ba ta sani ba.”

Iskar hadari ta fara kaɗa rigarsa. Ina jiran kalmar nan ta “ban yafe ba”, na san in ta fito ba ta komawa. Sai ya ce, “Tashi ka riƙe mini tsani.”

Ruwan bai sauko ba ranar, hadarin ya wuce kudu. Bature ya raka mu har bakin hanya, ya ba Baba hannu biyu. Muka kwana a gidan mai unguwa, washegari muka kama hanya. Tun daga Riruwai har gida Baba bai ce da ni uffan ba. Jakada ne kaɗai yake ta zuba, yana shirya yadda zai ba da labarin barandar a fada.

Kwana goma sha ɗaya ina zuwa gaishe shi da safe, yana amsawa da ka, ba da baki ba. Ya daina kirana wurin aiki. In na shigo zaure sai ya tashi ya shiga gida. Innata ta tambaye ni me ya faru a tafiyar, na ce gajiya ce. Matata ta daina cin abincin kirki. Na fara tunanin inda zan kai iyalina in abin ya tabbata, don ba zan iya zama a gari ɗaya da uban da ya sallama ni ba. Sau biyu na ga ya nufi gidan liman bayan la'asar, ya daɗe bai fito ba.

Ranar Juma'a na dawo daga gona na tarar da innata da matata suna ta kwasar tuwo, ga akusa a jere a tsakar gida. Na ƙirga, goma. Ba suna ake yi ba, ba sadakar mutuwa ba. Na tambayi matata a ɓoye.

Ta ce, “Baba ne ya buɗe rumbunsa da kansa. Ya ce a yi abincin mutum goma a kai wa mabukata. Inna ta tambaye shi na mene ne, ya ce kaffarar rantsuwa ce, kada a sake tambayarsa.”

Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado. Na daɗe ban iya fitowa ba.

Washegari da sassafe ya aiko a kira ni. Na same shi a bayan gida yana duba ƙasar da aka jiƙa. Ya ce, ba tare da ya ɗago ba, “Allunan matakalar nan, har ina suka shiga cikin bango?” Na nuna masa da hannu. Ya ce, “Da me aka danne gindinsu?” Na tsuguna na zana masa a ƙasa da tsinke. Ya sa na sake zanawa. Muka kai hantsi a wurin.

Abin da ya gaya wa hakimi shi ne, gidan na kirki ne, mai shi ya san aiki, amma ba a yin irinsa da ƙasa, kuma duk wanda ya ce zai yi masa da ƙasa yana neman kashe baƙinsa ne. Hakimi bai ji daɗi ba, har aka yi wata biyu ana raɗe-raɗin za a kawo ɗan kwangila daga Kano. Ba a kawo ba. Da kaka muka gina soron baƙin da tubali da azara kamar yadda aka saba. Abu ɗaya Baba ya sauya: ya sa tagogi a ƙasa ta ɓangaren da iska take fitowa, ya huda wasu ƙanana a sama ta ɗaya ɓangaren. Tsofaffin magina suka yi ta gunaguni wai ya ɓata bango. Da zafi ya zo, fadawa suka bar inuwar ɗurumi suka koma can da zama.

Shi dai har ya rasu bai taɓa siminti da hannunsa ba. Ni kuwa bayan shekara biyu aka fara gina makarantar firamare a garinmu da bulo, aka zo neman wanda ya iya. Na je na durƙusa na gaya masa. Ya tambaya ko da hannun masu kuza a ciki, na ce babu, aikin hukumar En'e ne. Ya ce in je, amma in dawo da wuri ranar Laraba, akwai katangar liman da ruwa ya ci.